Kore da fari: tarihin laftof ɗin dala 100 da aka gwada a hannun yaran Najeriya

1/
Jama'a, yau zare ne mai ɗan tsawo, ku gyara zama. Tarihin wata laftof zan ba ku, wadda aka kawo gwajinta Najeriya a 2007, lokacin ni ko firamare ban shiga ba. Amma bari in fara da abin da ya ja ni har na je na tono labarin.

2/
Laftof ɗina ta hannu ce. Kuɗin adashen Umma ne da na wani ɗan rago da na yi kiwo, aka haɗa aka saya mini ina aji biyu. Ana saura mako shida in miƙa babi na uku na furojet, harafin "a" ya daina aiki. Duk mai rubutu da Hausa ya san me wannan ke nufi. Gwada rubuta "assalamu alaikum" ba tare da shi ba ka gani.

3/
Na kai ta wurin wani mai gyara a nan Birnin Kudu. Ya juya ta, ya duba lambar da ke ƙasanta, ko buɗewa bai yi ba ya ce: "Ɗalibi, wannan zubin farko ce. Duk haka suke, daga kibod sai maƙalar murfi. Wadda suka sake fitarwa daga baya ba ta yi." Safaya kuma sai an aika Kano, Beirut Road, in an dace.

Kalmar nan "zubin farko" ita ta tsaya mini a rai. Kamar masa ce, ta farko ita ke kama tanda. Sai dai mai masa takan cinye ta farkon da kanta, su kuwa masu ƙera na'ura sayar da ita suke yi.

4/
To, ga labarin. A watan Janairun 2005, a taron tattalin arziki na Davos, wani farfesa daga jami'ar MIT ta Amurka, Nicholas Negroponte, ya ce zai ƙera laftof da za a sayar dala 100 kacal, a raba wa yaran ƙasashe matalauta, kowane yaro da tasa. Sunan shirin One Laptop per Child, a taƙaice OLPC. A lokacin laftof mai sauƙin kuɗi ta ninka haka sau da yawa.

5/
Nuwamban 2005 aka nuna samfurin farko a Tunis, a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan fasahar sadarwa. Akwai wani hannu a jikinta da ake juyawa a yi caji, kamar injin markaɗe na hannu, saboda garuruwan da babu wuta. Kofi Annan, babban sakataren Majalisar, ya kama hannun zai nuna wa 'yan jarida. Hannun ya cire.

Wallahi ba ƙari na yi ba. Lalacewar farko a tarihin na'urar nan a gaban kyamarori ta faru.

6/
Daga baya aka cire hannun gaba ɗaya daga jikin na'urar. Dalili biyu ne: juyawar tana murɗa gangar jikin laftof ɗin har ta raunana, sannan ƙarfin da ƙaramin yaro zai kashe kafin ya tara cajin kirki ya yi yawa. Amma hoton hannun ya riga ya zaga duniya, har yau wasu da shi suke tuna ta.

7/
Sai an yi adalci: na'urar da ta fito a ƙarshe, XO-1, akwai basira a cikinta. Sikirin ɗinta inci 7.5 ne, Mary Lou Jepsen ce ta tsara shi, kuma yana da yanayi biyu: mai launi a ɗaki, baƙi da fari a rana. Wato za ka iya karatu da ita a ƙarƙashin darbejiya da tsakar rana. Tawa ta yanzu, in na fito tsakar gida, fuskata kawai nake gani a ciki.

Babu fanka, babu faifai mai juyawa, don haka babu ƙofar da ƙura za ta bi ta shaƙe ta. Tana karɓar wuta daga bolt 11 zuwa 18, ma'ana batirin mota ko ƙaramar sola sun ishe ta. Tana da kunnuwa biyu masu miƙewa kamar na zomo, su ne eriyar da ke haɗa ta da 'yan uwanta ko babu intanet. Launinta kore da fari, sak tutarmu.

8/
Kamfanin Quanta na Taiwan ne ya karɓi ƙerawa. Kuma ba a tashi ɗaya aka fara zubawa ba. An yi samfuran gwaji daki-daki: B1 a ƙarshen 2006, B2 a farkon 2007, sannan B3 da B4. Tsakanin B2 da B3 aka canja mata ƙwaƙwalwa zuwa AMD Geode mai gudun megahaz 433, aka ninka ma'ajiyarta daga megabayit 512 zuwa gigabayit 1, domin ta farkon nawa gare ta. Sai Nuwamban 2007 aka fara ƙerawa gadan-gadan a masana'antar Changshu da ke Chaina. Farashi kuwa dala 188 ya tsaya. Dala 100 ta zama suna kawai.

9/
A nan Najeriya ta shigo. Shugaba Obasanjo na cikin shugabannin farko da suka rungumi shirin, har a 2006 aka yi ta yaɗa cewa Najeriya za ta sayi miliyan ɗaya. A watan Maris na 2007 aka kai kusan guda 300 makarantar firamare ta LEA da ke Galadima, a gefen Abuja.

Ku lura da kwanan watan. Maris. Ba a fara ƙera ta gaske ba sai Nuwamba. Wato abin da aka damƙa wa yaran Galadima ko zubin farko bai kai ba, samfurin gwaji ne. Su ne 'yan gwajin.

10/
A Nuwamban shekarar BBC ta je makarantar. Rahotonta ya ce daga Maris zuwa lokacin sama da 40 sun lalace, ko sun ɓata, ko an sace. Cikin wata takwas ke nan, fiye da ɗaya cikin goma.

Abin da ya fi burge ni a labarin Galadima shi ne yaran da kansu suka koyi kwance ta suna gyarawa, har ake kiran wurin gyaran nasu asibitin laftof. An tsara na'urar ne yadda ƙaramin sukundireba ɗaya zai buɗe ta, har da rarar sukurori aka ɓoye a cikin mariƙinta saboda an san yara za su zubar. Wannan tunanin ya yi. Amma gyara da hannu yana da iyaka. In sikirin ya fashe, basira ba ta haifar da sabo.

11/
Yanzu bari mu shiga cikin na'urar, inda ni na fi daɗewa ina karantawa, domin matsalolin da suka fito bayan an fara rabawa da yawa su ne ainihin darasin.

Na farko kibod. Ba maɓallai ɗai-ɗai ba ne irin namu. Shimfiɗar roba ce guda ɗaya, kore, a rufe ruf, don kada ruwa ko ƙura su shiga. A takarda babu abin da ya fi wannan dacewa da mu, duk wanda ya ga yadda hunturu ke cika kibod da ƙura a Gwaram zai yarda. Amma robar siririya ce. Maɓallan da aka fi dannawa sai su tsage a gefe, yaro kuma in ya ga abu ya ɗan ɗago sai ya ja. Da zarar ɗaya ya cire, rufin da aka yi taƙama da shi ya tashi aiki.

12/
Akwai kuma maƙalewa. A wasu na zubin farko, maɓalli irin Ctrl ko Alt sai ya zama kamar an danne shi alhali ba a taɓa ba. Ka danna harafi, na'ura ta ɗauka umarni ka ba ta. Matsalar a ƙarƙashin robar take, inda shimfiɗu biyu masu ɗauke da layukan wuta ke haɗuwa ba da izini ba. Masu ƙarfin hali suka riƙa kwancewa suna saka ɗan guntun salatif a tsakani.

Da na karanta wannan sai da na yi dariya ni kaɗai, saboda mai gyaranmu ma abin da ya fara gwadawa a tawa ke nan.

13/
Na biyu wurin shafawa, wanda ke madadin linzami. An so a yi burgewa: faranti mai faɗi, tsakiyarsa na yatsa, faɗinsa duka kuma na rubutu da tsinke, don yaro ya koyi rubutu. Ɓangaren tsinken bai taɓa zama abin amfanin yau da kullum ba. Ɓangaren yatsan kuma ya zama ciwon kai: kibiya ta riƙa tsalle, kana nufin nan ta faɗa can. Gumi, danshi da datti a hannu suna ƙara rikita shi.

Maganin da aka koya wa masu ita shi ne a danna maɓallan kusurwa huɗu na kibod, Fn a ƙarshe, don farantin ya sake daidaita kansa. Har suna aka sa wa abin, gaisuwar yatsu huɗu. A zubin baya aka yar da wannan farantin aka sa na Synaptics, mai aiki ɗaya tak.

Ku yi tunanin malami da yara saba'in a aji, kibiyar ashirin daga ciki tana rawa.

14/
Na uku shi ya fi ba ni haushi, domin ƙanƙanin abu ne. A kan bod ɗin kowace kwamfuta akwai ɗan batir kamar kwabo, aikinsa riƙe agogo in an kashe na'ura. A wasu XO na zubin farko, mazaunin wannan batir bai riƙe shi da kyau ba. In an jijjiga ta ya goce, ko ya ƙare saboda daɗewa a ajiye, kwanan wata ya rikice.

A yawancin kwamfutoci wannan ba komai ba ne, ka gyara agogo ka ci gaba. Amma tsohuwar manhajar da ke tada XO tana da kuskure: in ta tarar da kwanan watan da ba ya yiwuwa, sai ta ƙi tashi sam. Ka danna, fitila ta kama, sikirin shiru.

15/
Me ya sa agogo ke da wannan matsayi? Saboda tsarin hana sata. An tsara na makarantu su riƙa karɓar izinin aiki na wani wa'adi, in wa'adin ya cika ba a sabunta ba su kulle, don ɓarawo ya rasa amfaninta. Tsarin da ke ƙirga kwanaki kuwa dole ya dogara da agogo.

Gyaran fa? A kwance na'ura, a gyara zaman batir, a jona wata waya ta musamman daga bod zuwa wata kwamfutar, a rubuta mata kwanan wata da hannu. Daga baya an fitar da sabuwar manhaja da ta toshe kuskuren, amma sai na'ura tana tashi ake iya sabunta ta. Wadda ta riga ta mutu sai mai waya.

Ku gaya mini wa ke da wannan wayar a Basirka ko Sara a 2008.

16/
Sai ƙananan da ba sai na ja ba: batirin da ke ƙin karɓar caji, caja mai tsinkewa a wuya, kunnuwan da ke karyewa, da sikirin da ke fashewa in an faɗi da ita a buɗe. 

17/
Wani zai ce to ai kowace sabuwar na'ura haka take. Gaskiya ne, kuma akwai dalili. Samfuri ɗari da injiniyoyi suka lallaɓa a ofis mai sanyi ba zai nuna abin da dubu ɗari za su nuna ba. In aibi yana fitowa a ɗaya cikin dubu, a gwajin guda 300 da wuya ka gan shi, amma a dubu ɗari ka tara matattu ɗari. Wasu aibobin kuma lokaci suke jira: roba sai ta sha dannawa, batirin agogo sai ya yi watanni a sito.

Bambancin yana wurin wanda abin ya faɗa wa. Ba'amurken da ya saya a shirin nan na ƙarshen 2007, inda za ka biya dala 399 ka karɓi ɗaya a ba wani yaro ɗaya, yana da intanet, yana da gidan waya, yana da wata kwamfutar a gida. Yaron ƙauye in tasa ta mutu, shi ke nan, sai ya leƙa ta maƙwabcinsa.

18/
Mu dawo gida. Kibod ɗin nan ya jawo wata rigimar da ba ta roba ba. A Nuwamban 2007 wani kamfani mai suna LANCOR, mai kibod ɗin Konyin da aka yi don rubuta harsunan Najeriya, ya kai OLPC ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas. Zarginsa shi ne an kwaikwayi fasaharsa ta rubuta haruffa na musamman, ya nemi diyyar dala miliyan 20. OLPC ta musanta. Kotu ta ba da umarnin wucin gadi na dakatar da raba na'urar a Najeriya.

Haruffan da ake magana a kai sun haɗa da namu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Abin da ya ba ni takaici ke nan: tun 2007 aka shiga kotu a kan kibod mai ƙ, ni kuma a laftof ɗina har yau kwafo ta nake yi daga wani wuri ina liƙawa.

19/
Kafin wannan ma iska ta juya. A watan Yulin 2007 labari ya fita cewa an samu wasu yaran suna buɗe shafukan batsa da na'urorin, aka yi ta surutu, aka ce za a saka matattara. Obasanjo ya sauka a 29 ga Mayu, Umaru Musa 'Yar'aduwa ya hau. Sabon ministan ilimi, Igwe Aja-Nwachukwu, ya faɗa wa BBC ra'ayinsa a fili: ina amfanin laftof ga yaron da ba shi da kujerar zama ko kayan makaranta?

Ni dai ba na son in yarda da shi, amma na yi firamare a ajin da muke zama a ƙasa. Ban da bakin musa masa.

20/
Ga kuma Intel da tata ƙaramar laftof, Classmate, wadda aka gwada a wata ƙaramar sakandare a Jabi, cikin Abujan dai. Intel ta shiga OLPC a Yulin 2007, ta fice a Janairun 2008 bayan an yi ta cacar baki. Miliyan ɗayan Najeriya ba a taɓa sayen ta ba. Negroponte da kansa ya amsa daga baya cewa bai auna nisan da ke tsakanin musabaha da shugaban ƙasa da kuma a rubuta cek ba.

21/
Ƙasashen da suka saya da gaske su suka nuna sauran labarin. Yurugwai ta fara da dubu 100 a 2007 ƙarƙashin shirin Plan Ceibal, har ta kai kowane ɗan firamaren gwamnati ya samu. Ƙasa ce ƙarama mai wuta da hanyoyi, ta kafa wuraren gyara, amma duk da haka wani bincike a 2010 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na na'urorin ba sa aiki a lokacin. A shekarar ne aka fito da wani samfuri na 'yan sakandare mai maɓallai masu tauri irin na sauran laftof. Robar ta sha kaye.

Peru ta sayi dubban ɗaruruwa ta kai ƙauyukan kan duwatsu. Binciken Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka na 2012, a makarantu 319, bai ga ƙarin maki a lissafi ko harshe ba.

22/
Ra'ayina, kuma kuna iya saɓa mini: ba roba ko batirin kwabo ne suka kayar da shirin ba. An gyara yawancin waɗannan a zubi na gaba, kamar yadda ake yi wa kowace na'ura. Abin da ba a gyara ba shi ne lissafin. An ƙirga kuɗin saye, ba a ƙirga na shekara ta biyu da ta uku ba: safaya, mai gyara, motar da za ta kai, da wanda zai biya. An ɗauka tunda yaro zai iya kwance ta, an gama. Yaran Galadima sun nuna za su iya kwancewa. Abin da za su saka a ciki ne babu.

23/
Kuma kada a ce mu a Jigawa labarin bai shafe mu ba. Jihar nan ta yi nata zumuɗin kwamfuta tun kafin OLPC, zamanin Saminu Turaki, lokacin da aka buɗe cibiyar Informatics a Kazaure a 2001. Mutane da yawa sun ci moriyarta. Amma daga Kazaure zuwa Gwaram tafiya ce, kusan daga wannan bakin jihar zuwa wancan. Na taɓa shiga wani ɗakin kwamfuta a wata makaranta a yankinmu, ba zan kama suna ba: an jera su an lulluɓe da zane, rabi ba sa tashi, kuma babu wanda aka ba izinin buɗe ko ɗaya ya ga me ya same ta.

24/
Ga inda abin ke ciwo. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. 'Yar ƙanwar Umma da ke Gwaram za ta zauna a bana. Yarinya ce mai kai, ta fi ni lissafi nesa ba kusa ba, amma ba ta taɓa riƙe linzami na minti goma a jere ba. A ɗakin jarrabawa agogo ba ya jiran wanda ke neman inda kibiya ta shiga.

25/
Masu tambaya a akwatin saƙo me za su duba kafin sayen ta hannu, ga abin da na koya da kuɗina: ka nemi cikakkiyar lambar samfurin a ƙasanta, ka bincika ko an san wannan zubin da wani ciwo. Ka buɗe shafin rubutu ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya a gaban mai shago, kada ka ji kunya. Ka buɗe murfi ka rufe sau da yawa kana saurare. Ka kashe ta, ka cire caja, ka kunna ka ga ko agogo ya tsaya daidai. Sannan ka tambayi mai gyaran garinku, ba mai sayarwa ba, ko ana samun safayarta a Kano.

26/
Tawa dai kibod ɗin bai zo ba har yanzu, an ce wanda aka samu a Beirut Road na zubi na biyu ne, bakin wayarsa bai shiga ba. Na sayi kibod na waje mai igiya, da shi na ƙarasa babi na uku, da shi kuma na rubuta zaren nan. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan sa su duka a jaka in hau motar Gwaram, yarinyar nan ta samu kwana biyu tana dannawa kafin in dawo makaranta.